Tazugen Sarkin Awo

A wani gari da ake kira Za-a-Duba, madafa ɗaya ce ke ciyar da kowa. Da kaka kowane gida yakan kai hatsinsa rumbun gari, Iya Tabawa ta dafa, a raba. Shekara talatin tana tuƙa tuwon mutum dubu a kan murhu ashirin, har hayaƙi ya cinye mata rabin gani.

Laifinta ɗaya ne. Ta je fada ta ce bangon gabas ya tsage, a taimaka a yaɓe shi, in da hali a fasa mata taga.

Sarki Sha-Yabo ya dubi Majalisar Haka-Ne. "Yaɓe? A zamanina? Sabuwar madafa za a gina, wadda maƙwabta za su zo kallo."

"Haka ne," in ji majalisa.

"Ranka ya daɗe, laka kwando uku ma ta isa," in ji Tabawa.

"Iya, ba a gini sai da awo. Je ki kashe wuta, hayaƙi na hana ganin kusurwa."

Ta koma ta kashe, tana cewa a ranta abin yini ɗaya ne.

To, a Za-a-Duba ba a awo da kamu ko taki, wannan aikin ƙauyawa ne. Da tazugen wandon Sarkin Awo ake yi, igiyar nan da yake ɗaure ƙugu da ita, domin magabata sun ce abin da ya riƙe mutuncin babba ba ya ƙarya. Sarkin Awo na lokacin, Alhaji Baushe, siriri ne kamar kara. Ya zo ya zare tazuge, ya riƙe wando da hannu ɗaya, dogarai suka bi bango suna jan igiya. Tsawo ya tashi tazuge arba'in, faɗi ashirin.

"Alhamdu lillahi," in ji Tabawa. "In hura wuta?"

Baushe ya ce, "Wannan awon farko ne, Iya. Sai an tabbatar."

Aka naɗa Kwamitin Tabbatarwa, Baushe ne shugaba. Da yake ba a tunani da yunwa, aka buɗe musu rumbun gari, ana dafa musu a cikin fada. Bayan wata guda tazugen Alhaji ya ƙi zagaye shi, aka tufka masa sabo. Ya dawo ya sake awo. Talatin.

"Innalillahi! Madafa ta ragu!" Ya juyo kan Tabawa. "Iya, ina kika kai tazuge goma na jama'a?"

"Alhaji, bangon nan tun ina budurwa yake inda yake. Da dai ka duba ƙugunka."

"Kul! Ƙugun hukuma kike zargi?"

Aka naɗa wani kwamitin ya binciko ɓarawon bango. Shi ma aka buɗe masa rumbu.

Kullum da safe mutane na zuwa ƙofar madafa da kwanoni, Tabawa ta fito ta ce musu ana awo. Wannan kalma ta fi komai yi mata nauyi, domin ta san kowane kwano da mai shi, ta san wanda ke son ƙanzo da wanda haƙoransa suka zube. A Kasuwar Sai-Haƙuri dusa ta zama abincin masu hali, ludayi da mara kuwa ko kyauta ba mai ɗauka. Rannan ta kasa jurewa, ta haɗa duwatsu uku a bayan madafa ta ɗora kunu. Kafin ya tafasa dogarai suka zubar, aka tsare ta kwana uku da laifin ɗumama bangon da ake kan aunawa.

Awo na uku ya tashi sha biyar. Majalisa ta yi zaman gaggawa, ta yi Allah wadai da bango. Ranar awo na ƙarshe ƙarti huɗu ne suka ɗauko Baushe, tazugensa kuwa masu igiyar rijiya ne suka tufka shi. Tsawo huɗu, faɗi biyu. Sarki ya ce a tsaya haka kafin madafar ta ɓace gaba ɗaya. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka rushe tsohuwar madafa da ganga da algaita.

Aka kira Barmo magini aka miƙa masa takarda. Ya karanta, ya ce a ba shi tazugen Alhaji ya ja layin harsashi.

"Kayan sarauta ne, ba a ba talaka aro," in ji Baushe. "Kai ba ka da wando ne?"

Barmo ya zare nasa. Shekara guda ke nan rabonsa da tuwo, igiyar ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya dubi Tabawa, ta dube shi.

"Iya, abin da ke takarda zan yi."

"Yi, ɗan nan. Ni ma taga na roƙa."

Kwana biyu ya gama. Ranar buɗewa gari ya fito kaf, kowa da kwanonsa, layi har bakin kasuwa. Maroƙa suka ce ko a Gabas ba a taɓa ganin gini mai tsari irin wannan ba. Sarki ya yanke zare, ya ce, "Iya, yau burinki ya cika. Hura wuta."

Tabawa ta sunkuya ta shiga da gefe. Murhu ɗaya ne, tukunya ɗaya, ita ma da ƙyar ta zauna. Akwai taga. Ta leƙa ta cikinta ta hango layin, sannan ta fito.

"Ranka ya daɗe, tuwon mutum goma sha biyu kawai za ta ɗauka."

Sarki ya juya ya ƙirga majalisarsa da yatsa, ya haɗa da kansa, ya yi murmushi.

"Wa ya ce Baushe bai iya awo ba?"