Dutsen Zinare a Gwangwanin Madara

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwar matata ba, domin ni ne mutumin da ya watsa taron biki a unguwar Shehuri ta Maiduguri ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Har yau idan ana hirar bikin, sai an gama labarina kafin a tuna da amarya.

A shekarun nan ne da gari ya rikice. Ni malamin sakandare ne, ina koyar da labarin ƙasa, amma makarantu a rufe suke, 'yan gudun hijira sun cika azuzuwanmu, ga dokar hana fita tana kora mu gida tun da sauran rana. Zaman banza kuwa ba ya barin kan mutum ya huta. Ana cikin haka abokina Modu, ma'aikacin wani ofis a GRA, ya zo mana da labarin wani ƙaramin kamfani mai haƙar zinare can yammacin ƙasar nan, wai yana sayar wa ƙananan mutane irinmu hannun jari. Ban yi wata-wata ba na kwashe ɗan abin da nake tarawa don gyaran rufin ɗaki na zuba. (Damina biyu muka yi da roba a tsakar ɗaki tana tarar ruwa, amma a lokacin ni ban ga roba ba, bene nake gani.)

Mu kaɗan ne muka saya, muka kafa majalisa a gindin wata bishiyar maina, wato dogon yaro, kuma ban taɓa zama cikin mutane masu farin ciki irinmu ba. Babu labarin da zai zo mana mu ga sharrinsa. Idan farashi ya hau, sai mu tafa mu ce da ma mun faɗa. Idan ya sauka, Modu ya ce Allah ne ya ba mu damar ƙara saye da araha. Idan kamfani ya yi shiru, to wani babban abu suka tono suna ɓoyewa kada manya su yi mana shigar sauri. Da aka katse layukan waya a jihar gaba ɗaya, mutane suna kukan ba sa jin 'yan uwansu, mu kuwa muka samu kwanciyar hankali, don tun daga ranar farashin bai sake faɗuwa a wurinmu ba. Kullum da hantsi sai mu ƙara masa wani abu da baki. Akwai wani tela a cikinmu da har ya fara tambayar kuɗin kujerar Makka ta mutum uku.

To ni abin da ke raina ba Makka ba ne, surukina ne, Alhaji Bukar. Babban dillalin busasshen kifi ne a kasuwar Baga Road, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Tun da ya ba ni 'yarsa Falmata bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma yadda yake cewa "Malam" ɗin nan, da tausayi-tausayi a ciki, ya fi zagi ciwo. Idan sauran surukansa 'yan kasuwa suka zo, a baje hirar ciniki, ni kuwa sai a tambaye ni ya yara. Yanzu ga hanyar tafkin da ake kamo kifi ta rufe, kifi ya daina zuwa, Alhaji yana zaune a rumfa yana korar ƙuda. Sai na ce a raina, ranata ta zo. Ni zan nuna masa inda zai juya dukiyarsa, ya san cewa malamin nan ma yana da ido.

Matsalar ita ce Alhaji ba ya sayen abin da bai taɓa da hannunsa ba. Kifi ma sai ya karya ya shinshina. Ana nan sai wani direban babbar mota, ɗan uwan Modu, ya dawo daga tafiya ya kawo mana tsaraba: dutse guda kamar dunƙulen hannu, wai daga bakin ramin kamfanin ya tsinto shi. Fari-fari ne, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Muka riƙa miƙa wa juna shi a majalisa muna salati. (Ni da nake koyar da duwatsu a aji, na san abubuwa da yawa suna ƙyalli a ƙasa, amma ranar ilimin nan gida na bar shi.) Na roƙi Modu ya ba ni aronsa na yini ɗaya. Ya yarda, bisa sharaɗin kada wani ya gani sai Alhaji, don idan magana ta fita kowa zai saya, farashi ya fi ƙarfinmu.

Ranar ɗaurin aure na tashi da zumuɗi kamar ni ne angon. Na ɗauko gwangwanin madarar Falmata na juye mata garin a kwano, na naɗe dutsen da tsumma na saka a ciki, na rufe. Sai na ga kamar ƙurar zinaren za ta iya zubewa a hanya, na samo baƙin salatif na naɗe gwangwanin tun daga baki har gindi. An hana shiga taro da jaka a lokacin, don haka na ɗaura shi da igiya a kwiɓina, na zura babbar riga a kai. Na tsaya gaban madubi na ga babu alamar komai, har na yaba wa kaina dabara. Mai karatu, na san ka riga ka gane. Ɗan yaye ma a Maiduguri a shekarun nan zai gane. Ni kaɗai ne ban gane ba, don bakina yana ta maimaita jawabin da na shafe makonni ina shirya wa Alhaji.

Na sauka daga keke napep a bakin layin, mutane maƙil, an shimfiɗa tabarmi har ƙofar zaure, liman ya zauna. An gitta benci a bakin layin, 'yan gora, matasan sa-kai masu tsaron unguwa, suna binciken duk mai shiga, can a kusurwa kuma sojoji ne a bayan buhunan yashi. Wanda ya zo kaina tsohon ɗalibina ne, Bakura, ya zama ƙato har da gemu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in yi haƙuri ka'ida ce, ya goga mini sandar nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe. Tana zuwa kwiɓina ta fasa kuka.

Ya ce, "Malam, mukullai ne?"

Da na ce dutse ne, da an wuce wurin. Amma na tuna alƙawarin da na yi wa Modu, ga mutane a bayana suna kasa kunne. Sai na dafe wurin da hannu biyu, na matso kusa da kunnensa na ce ba abin da za a buɗe a nan ba ne, na Alhaji ne shi kaɗai. Ya kai hannu ya taɓa, ya ji gwangwani. Ya ɗaga gefen rigar, ya ga baƙin salatif da igiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bai yi ihu ba, baya kawai ya yi da sauri ya busa usur. Kafin in juya, layin nan ya zama fili. Dattawa masu ciwon gwiwa na ga sun tsallake benci. Takalma da huluna da goro ko'ina, an ture babbar tukunyar shayi tana malala a kwata, liman kuwa har yau ba a san ta inda ya bi ba. Modu, da ya zo musamman don ya ga yadda Alhaji zai karɓi maganar, na hango ƙeyarsa tana shan kwana. Ni kuma, don tsabar rashin fahimta, na fara gudu ina bin mutane ina tambayar me ya faru, su kuwa suna ƙara mai.

Tsawar soja ce ta tsayar da ni. Na waiga na ga bakin bindiga yana kallona, sai a lokacin hankalina ya dawo gida gaba ɗaya. Tsoro na gaske na ji, don na san mutane sun rasa ransu a garin nan a kan abin da bai kai wannan ba. Allah ya saka wa Bakura da alheri, shi ya riƙa ɗaga hannu yana cewa malaminsa ne, ya san shi, a tsaya tukuna. Daga bayan wata katanga ya ce, "Malam, don Allah durƙusa. Cire rigar a hankali." Yaron da na sha sa shi durƙuso a gaban aji. Na durƙusa a tsakiyar titi, na cire babbar riga da 'yar ciki, na rage daga ni sai wando da wata singileti da Falmata ta daɗe tana roƙona in bar ta ta zama tsumma.

Aka ce in buɗe da kaina. Ashe na iya naɗin salatif. Na kama da haƙori ina ja, mata suna leƙe ta saman katanga. Da ƙyar murfin ya fita, na warware tsumman, na ɗaga dutsen sama. Sojan ya tambayi mene ne wannan, na ce dutse ne. Ya ce na me? Na ce na zinare. Ya ce in ɗaga murya, ba a ji.

Haka jawabin da na tsara zan yi wa Alhaji a zaure, mu biyu, cikin natsuwa da shayi, na yi shi a durƙushe da singileti, ina kwarmato kamar mai tallan maganin gargajiya. Abin kunyar ma shi ne, da na fara sai zumuɗin ya dawo. Na ji kaina ina cewa kamfanin ƙarami ne amma ramin babba ne, wanda ya shiga yanzu shi ne mai rabo, zinare ba ya ruɓewa kuma ba ruwansa da rufe hanya. Wani daga bayan katanga har ya tambayi a ina ake saye, aka ce masa ya yi wa mutane shiru. Can na ga Alhaji Bukar ya fito daga zauren maƙwabta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya tako har gabana. Ya karɓi dutsen, ya juya shi, ya shinshina kamar yadda yake yi wa kifi, sannan ya ɗauko babbar rigata ya yafa mini. Ya ba sojoji haƙuri da Barbarci da Hausa, ya ce surukinsa ne, ba shi da mugunta, karatu ne ya yi masa yawa.

An ɗaura auren bayan an samo liman, ni ina can ƙarshen tabarma kaina a ƙasa. Da aka watse Alhaji ya sa aka kira ni zaure. Na shiga ina jiran faɗa, sai ya zuba mini shayi. Ya ce ya ji bayanina duka, shi da duk Shehuri. Sannan ya ce, "Malam, ban ba ka Falmata don kana da kuɗi ba. Na ba ka ita don na ga kana da hankali. Yau saura kaɗan 'yata ta shiga takaba a kan dutse." Wannan maganar ta fi bakin bindigar taɓa ni, don sai ranar na san abin da yake gani a wurina tun farko, a ranar da na zubar da shi a titi.

Bai sayi hannun jarin ba, kuma bai mayar mini da dutsen ba. Da shi ake tokare ƙofar zaurensa har gobe, duk zuwan da zan yi gaisuwa sai na tsallake shi. Modu ya yi fushi da ni na ɗan lokaci, ba don dutsen ba, wai na tona asiri yanzu kowa zai saya. Babu wanda ya saya. Da layukan waya suka dawo muka tarar farashin ya sauka, ya ce alhamdu lillahi, dama ta samu.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ya sa ni zumuɗi har na ɓoye wa Falmata, to in zauna a gida ranar. Hannun jarin kuwa suna nan ina riƙe da su. Mun haɗu da Modu a masallaci kwanan baya, ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa kamfanin ya yi shiru da yawa, lallai wani babban abu suka tono.