Suwaita Mai Koren Maho Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, Torbjörn Hedlund, mazaunin hawa na uku a layin bayan tashar jirgin ƙasa, Sundsvall, yana sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar suwaitarsa ta ulu, mai ruwan toka, mai koren maho a gwiwar hannun hagu. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a ɗakin wanki na ƙasan bene, a cikin inji mai lamba biyu. Mai ita yana wurin, ta bayan gilashi, bai iya yi mata komai ba.

Ba wanda ya san shekarunta na haƙiƙa. Ta zo gidan Hedlund ne da girmanta, shekara ashirin da shida da suka wuce, daga shagon gwanjo na bayan coci. Ylva, matar Torbjörn, ita ta zaro ta daga ƙasan kwando a kakar farko ta aurensu. Ta kara ta a ƙirjinsa, ta ja da baya ta duba, ta ce ko ba komai yanzu za a zaci yana da kafaɗu. A cikin wuyanta akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka, an rubuta E. Wiklund. A bakin hannunta kuma akwai gyaran wani mutum dabam, mai ɗinki da hagu. Ke nan Torbjörn shi ne na uku, kuma bai taɓa jin kishi ba. Idan iyalan Wiklund suna raye, su ma ana yi musu ta'aziyya.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Tun yana siriri ta san shi. Da tumbi ya zo, ta buɗa masa wuri ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta raka shi tsintar naman kaza, ta raka shi kamun kifin da ba a kama komai ba, ta raka shi taron iyayen yara har sau goma sha ɗaya. A zamaninta an kawo sababbin riguna gidan, masu sheƙi, daga manyan kantuna. Wata ta yi hunturu ɗaya ta saki jiki, wata ta yi biyu ta fara fitar da ƙuraje. Duk ta ga zuwansu, ta ga tafiyarsu cikin baƙar leda. A tsawon shekarun nan ba a yi wa tunkiya ko ɗaya aski saboda Torbjörn ba, kuma a iya saninsa wannan ne kaɗai alherin da ya yi wa duniya ba tare da an tunatar da shi ba.

Ba ta da yawan magana. Idan sanyi ya tsananta, ya zo cire ta ta ka, takan ce tas, tas, ta miƙar masa da sauran gashin da ya rage. Iyakar ƙorafinta ke nan.

Game da mahon, ga yadda aka yi. A hunturun ƙarshe da Ylva ta yi, tana kwance a asibiti, ta lura gwiwoyin hannun biyu duk sun huje. Ta sa ya kawo mata allura da ulu. Ya kawo kore, don shi ne ya fara gani a aljihun tebur. Ta kalli ulun, ta kalle shi, ta ce shekara ashirin da uku tana fama, har yau bai san toka ba. Kwana huɗu ta yi tana saƙa na hagu, tana hutawa bayan kowane layi. Da ta gama ta ciji zaren, ta miƙa masa.

"Na dama sai na fito," in ji ta. "Kada ka ba kowa, ɓata min za su yi."

Bai ba kowa ba. Shekara uku yana yawo da gwiwar hannun dama a waje, ofis da kasuwa. Mutane uku sun yi masa tayin gyara, ya ce akwai mai yi.

Dokar Ylva ce cewa ulu ba ya shiga inji. A rataye shi a baranda sanyi ya buge shi, sannan sau ɗaya a shekara a wanke shi da hannu, da ruwan sanyi. Ita take wannan wankin, shi kuma bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Bayan rasuwarta ya riƙe rabin dokar, wato ratayewa. A shekarar farko wuyan rigar yana ƙanshin man hannunta. Daga baya kifi da kofi suka karɓe wurin, shi kaɗai ne bai yarda ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Lahadi, da 'yarsa Tuva ta zo daga Uppsala. Ta rungume shi a bakin ƙofa, ta sake shi da sauri, ta ce tun daga hawa na biyu ta san yana gida. Ta ce ko dai ya wanke, ko ta aiko masa da sabuwa. Ya zaɓi wanki.

Ya rubuta sunansa a allon ɗakin wanki, Talata ƙarfe biyu da rabi. Niyyarsa ta gari ce: zai zuba zannuwan gado da tawul a inji, ita kuma ya wanke ta da hannu a kwamin da ke gefe. Sai bas ɗin da za ta dawo da shi gida ta makara. Kowa a benen ya san wanda ya wuce rabin awa ya rasa layinsa, kuma da ya sauko saura minti uku, Siv Öberg ta hawa na ɗaya tana tsaye da kwandonta, tana kallon agogon bango. Ya kwashi kayan gaba ɗaya ya tura, ya murɗa zafin ruwan zuwa digiri sittin, ya danna, ya juyo ya yi mata murmushin wanda ya tsira.

Ruwa ya gama shiga kafin ya ga kore ya gifta ta gilashi.

Injin ba ya buɗewa idan ya fara. Ya danna duk abin da ake dannawa. Daga nan ya zauna a ƙasa, a kan siminti, mutum mai shekara hamsin da bakwai, yana kallon koren yana zuwa yana wucewa. Marigayiya tana cewa tim, tim. Siv ta ajiye kwandonta ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, har aka gama.

Da aka fito da ita ba ta fi a sa wa kyanwa ba, ta yi kauri kamar darduma. Ya tambayi Siv ko a jiƙa ta a ja. Siv, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya, ta juya ta, ta latsa, ta ce ba ta taɓa yi wa dangin mara lafiya ƙarya ba, ba kuma za ta fara a kansa ba.

Mahon yana nan, ya tsuke ya koma kamar ganyen lemo. Sai Torbjörn ya juya hannun dama. Hujin ya rufe. Ulun ya haɗe, ya toshe shi ruf, ko allura ba za ta wuce ba. Aikin da ya ajiye wa Ylva shekara uku, inji ya gama shi cikin awa ɗaya. A nan ne ya yi abin da bai yi ba ko a coci ranar jana'izarta, kuma yana godiya ga Siv da ta tashi ta kunna injin busar da kaya don kada a ji daga sama.

Ba a ɗora wa kowa laifi. Injin ya yi abin da aka sa shi, Siv tana kan ƙa'ida, Tuva kuma gaskiya ta faɗa.

Marigayiya ta bar wandon kodiroi ɗaya, mai kaurin yadi, shi ma ɗan gwanjo, da hula, da mutum ɗaya mai jin sanyi.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe, a kicin ɗin Siv, wadda ke da almakashi mai kyau. Hannuwan za su zama safar hannu ga Tuva. Bayan kuma za a yanka shi a yi ɗan abin zama, a ɗinka koren a tsakiya. Akwai kofi da burodin kirfa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo fure, kada kuma su kawo sabuwar riga. Mai son yin wani abu ya leƙa shagon bayan coci, akwai marayu cike da kwando.

Ranar Lahadi Torbjörn zai ɗauki abin zaman zuwa maƙabarta, inda bencin da ke gaban Ylva yake da sanyi tun daga watan Oktoba, ya zauna ya yi mata bayani da bakinsa. Ya san abin da za ta fara tambaya, a digiri nawa ya wanke. Yana roƙon kada kowa ya raka shi, musamman Siv, don ya yanke shawarar zai ce talatin.