Rasuwar Hajiya Dangwale, Mai Rufa Asirin Masu Makara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Maikano, magatakarda a wani biro, wato ofis, da ke Tibiri, nake sanar da rasuwar uwarmu, na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa, wadda muke kira Hajiya Dangwale. Ta cika ranar Talata bayan shekara shida tana aiki. Ba tsufa ba ne, kashe ta aka yi.

Marigayiya baƙuwa ce. Da agogon GMT ta zo a cikinta, wanda ke bayan na Nijar da awa guda, kuma ba ta taɓa sauya hali ba. In na biya ta gonar gero na iso ƙarfe tara, sai ta rubuta takwas, ta ce, "Ƙit! Merci." Rumbun bayanai ya haɗiye yadda ta ba shi, bai taɓa tambayar takwas ɗin wace ƙasa ba. Ba maƙaryaciya ba ce, a wani wuri a duniya lallai takwas ce.

Ajalinta a kan babur ya zo daga Dogon Dutsi, sunansa Salman, wai masanin kwamfuta. Gyaran firinta aka kira shi. Shisshigi ya kai shi cikin rumbu, ya ga lokutan ba su da alamar ƙasa, ya ƙara wa kowane layi awa guda, har na shekara shida. Wai amana ce! Ya matsa wa baiwar Allah sai ta koyi agogon Nijar da tsufanta, ta yi fari fat, ba ta sake magana ba. Da firintar da ya gyara shugaban biro ya buga makarata, sau dubu da ɗari biyu da bakwai, ya kira ni ɗakinsa. Salman, Allah ya isa.

Ta bar caja ɗaya, ramuka huɗu a bango, da marayu tara. Ban da Barira sakatariya, wadda ke zuwa a kan kari, take ta dariya tun Talata. Kada ta zo mana gaisuwa.

Za a binne ta ranar Alhamis a bayan biro, gindin itacen bedi, cikin kwalin da ta zo. Salman ne zai haƙa ramin, da rana tsaka. Masu ta'aziyya su same ni a gida, ba sai sun duba agogo ba, don daga Litinin ba ni da inda zan makara.