Saje Brimah da Wincinsa

"Ni da na ciro tankar yaƙi daga laka a ƙasar Bama, motar katako ce za ta gagare ni?" Da wannan Brimah yake karya kumallo kullum a tashar Race Course. Saje yake kiran kansa, amma abokina, waɗanda suka je Bama tare da shi sun ce tukunyar soja kaɗai ya taɓa cirowa daga wuta. Tun da ya samu tsohuwar motar soja mai winci, injin nan da ke naɗe igiyar ƙarfe a goshin mota, unguwar Zango ba ta huta ba.

Ran nan aka kwana ana ruwa, motar Seini mai fataucin goro ta zurma kwata a Krofrom, huhu arba'in a bayanta, ruwa yana neman shiga. Aka kira Saje. Ya iso yana hon tun daga Dichemso, sanye da wani wando buje mai faɗin da zai ishi mutum uku.

Seini ya roƙe shi a fara sauke kaya, a sa duwatsu a tayoyin motar Sajen, a kuma maƙala ƙugiya a ƙarfen ƙasa.

"Massa, kai goro ka sani," in ji Saje. "Ja da baya ka ga aikin Bature."

Ya maƙala ƙugiya a katakon bodi, ya kunna. Katako ya yi ƙara, ya ɓalle, huhu shida suka bi kwata. Gogan ya ce dama gwada igiyar yake yi.

Karo na biyu ya sa ƙugiya inda aka ce, amma duwatsu ya ce aikin matsorata ne. Igiya ta miƙe. Motar Seini ko gezau. Ta Saje ce ta fara tafiya sulu-sulu a kan laka, yana taka birki yana salati, har ta je ta sumbaci ta Seini, goshi da goshi, a cikin kwata.

Mamuna mai waken bakin hanya ta ajiye ludayi ta matso. "Saje, ciro ta aka ce, ko taya ta zama?"

Ya fito jiƙe sharkaf, ya ce igiyar ce ta harɗe. Seini ya ce a kashe injin kafin a taɓa. Ina! Saje ya haye goshin mota yana shurin igiya, injin yana juyi. Sai ƙafar buje ta shiga. Winci ya fara naɗewa, Saje ya riƙe mazagi da hannu bibbiyu yana kiran uwarsa. Allah ya sa mazagin ruɓaɓɓe ne. Ya tsinke, mai wando ya faɗa kwata, wando ya wuce cikin injin kafin Seini ya kai ga kashewa.

Leburorin tasha ne suka zo da shebur da katakai, suka sauke goro, suka fitar da motocin kafin la'asar. Saje kuwa yana zaune cikin ruwa har ƙugu, ya ƙi tashi, mata sun cika bakin kwata.

Mamuna ta jefa masa tsumman goge tukunya.

"Ɗaura, Saje. Kada kowa ya ce wincinka bai ciro komai ba yau. Duk mun ga abin da ya ciro."