Ranar Da Na Zuba Wa Tafkin Haj Bula

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a garin Sabha ba, zamanin da kuɗin fetur ya sa kowane ɗan kwangila yake gina abin da ya gani a Turabulus. Maigidana Haj Mas'ud ya gina tafkin ninkaya a gidansa na unguwar Abdulkafi. Dattijo ne Bafazzane, wato ɗan asalin yankin, mai farin gemu, yana jin Hausa kaɗan daga wajen kakarsa. Ni kuwa mai wankinsa ne, daga garin Tawa.

Da zafi ya tsananta, ruwan ya gurɓace, gansakuka ta kama bango har ya koma kore. Ga baƙi za su zo. Haj ya tambaye ni, "Ya Isufu, ka iya gyara ruwa?"

Na ce na iya. (Ni mutum ne da ba ya son a ji "ban sani ba" a bakinsa.) Na kuwa san idan na kasa, wani zai kawo ya ba shi ɗakina da aikina.

Na bi abin daki-daki. Da farko na kankare bangon da buroshi. Sannan na zuba kulorin, na kunna injin tacewa. Daga nan na jiƙa alif na watsa, kamar yadda muke yi wa ruwan randa a gida. Washegari datti ya kwanta, na zuƙe shi da tiyo. Ruwa ya yi fes, har kana ganin ƙasan.

A nan ya kamata in tsaya. Amma na taɓa leƙa tafkin wasu Turawan kamfani, na ga nasu shuɗi ne. (Ban san cewa fentin bangon ne shuɗi ba.) Na yi tunani irin na mai wanki: me ke sa ruwa shuɗi in ba bula ba? Na kwaso duk bular da ke ɗakin wanki na juye.

Baƙi suka zo suna ta "Masha Allah". Haj ya ji daɗi, ya shiga da kansa, ya nutse. Da ya ɗago, kowa ya zuba masa ido. Gemun nan ya koma kalar sararin sama. Wani baƙo ya ƙware da shayi.

Haj ya shafa gemu, ya dubi tafinsa, ya dube ni.

"Isufu, ɗana, ni riga ne?"

"A'a, ya Haj."

"To tunda ka sa mini bula, saura guga. Kawo gawayi!"

Aka kwashe da dariya, ni ina neman inda zan shige. Bai kore ni ba. Haka ya tafi Juma'a da gemunsa, duk wanda ya tambaya ya ce aikin injiniyansa ne.

Tun daga nan na koyi cewa idan ruwa ya yi fes, aiki ya ƙare. In mayar da hannuna aljihu.