Ranar da Aka Yi Mini Ban-Ruwa a Gamkalley

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da damina ta ƙi ba, soja na kan mulki, ni kuma babban abin da ya dame ni shi ne hoton ƙwaro.

Muna da wani zaure a intanet, mu tsofaffin abokan lakwal, wato makaranta, inda kowane wata ake gasar hoto. Babu kyauta sai yabo, amma yabon nan Isufu ne ke kwashe shi kullum (mutumin da ya kwafi lissafina har muka gama lise, wato sakandare). Da aka ce jigon watan ƙwari ne, na rantse a raina sai na kayar da shi.

Sai dai fari ya sa ko ƙwarin sun yi ƙaura. Wajen gadar kogi kuwa, inda ake ɗan samun su, mai hankali ba ya ɗaga na'urar hoto a gaban soja. Don haka na nufi lambunan Gamkalley da shaddata ta Juma'a.

Can tsakanin kunyoyin salati na hango ƙoƙi-ƙoƙi. Na durƙusa, bai yi ba. Na kwanta rub-da-ciki, na'ura a ƙarƙashin haɓa, na ɗauke numfashi kamar yadda masana suka ce. Ashe na ƙware da yawa.

"Wayyo, bawan Allah ya faɗi," na ji wata ta ce. "Yunwa ce. Dubi wuyansa."

(Haka Allah ya halicci wuyana.)

Kafin in ce uffan, an juye mini ruwan ban-ruwa tun daga hula har dunduniya. Na ɗago, sai ga Hajiya Rabi, mai lambun, uwar wata ɗalibata a makarantar da nake koyarwa, inda ake ce wa malami Mushe.

"Mushe, kai ne? Har yunwar ta kai gare ku ma'aikata?"

"Hajiya, ƙwaro nake ɗauka."

Ta dubi sauran matan cikin tausayi. "Kun ji ko? Har ƙwari ya fara nema. Ku kawo hura."

Ina zaune cikin taɓo da ludayi a hannu, ƙoƙi-ƙoƙi ya tsere, sai ga malam-buɗe-littafi sun yi ca a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke gefen gwiwata. Su ma ƙishi ya ishe su. Na ajiye ludayin a hankali, na danna.

Ranar Litinin Hajiya ta aiko da kwanon kopto, wato kwaɗon zogale, har ɗakin malamai. Daraktan makaranta ya ja ni gefe ya ce in akwai damuwa a gida kada in ɓoye masa. Abokan aiki suka cinye kopton suna yi mini sannu.

Amma hoton nan, jama'a, shi ya zo na ɗaya. Isufu ya rubuta "ba laifi" a ƙasansa, kuma na san haƙoransa a cije suke.

Abin da na koya: a shekarar fari, in za ka kwanta a gonar mutane, fara yin sallama, ka kuma riƙa motsa ƙafa ɗaya.