Wa Zai Fara Ba Nura Kunu?

"Lafiya lau, tsoho mai ran ƙarfe. Ya hanya? Sojoji ba su riƙe ka ba?"

"Su riƙe ni su kai ni ina? Hannu kawai na ɗaga na wuce, har ɗayansu ya sara min. Ina gajiya, amarya? Kodayake ba sai na tambaya ba, ga ta nan a fuskarki kamar wadda ta kwana daka."

Malam Mikail ke nan, kakan Rumaisa'u na wajen uwa, tsohon mai wankin hula a unguwar Bolori. Hannunsa ya daɗe da ajiye aiki, amma bakinsa bai taɓa karɓar hutu ba. Ya tako har gidanta a unguwar Moduganari da wani ƙulli a leda. Rumaisa'u ta shimfiɗa masa tabarma da hannu ɗaya, ɗayan yana jijjiga Nura, ɗanta na fari, wanda ke tsala kuka kamar ana yanka shi.

Kukan yunwa ne, kuma ta sani, don nono ya daina ƙosar da shi. Sai dai a waya ta ƙarshe da suka yi da mahaifiyarta Talatu, mai sayar da banda a Baga, cewa ta yi, "Kar ki sa masa komai a baki sai na zo. Da hannuna zan fara ba shi kunu." Ba a jima ba aka katse layin waya, hanyar Baga ta zama sai mai ƙarar kwana. Tun daga nan shiru. Rumaisa'u ta kasa gaba ta kasa baya, yaro kuma yana ta zubewa a hannunta.

Tsohon ya leƙa fuskar yaron ya ce, "Wannan mai bakin agwagwar ne ya ƙwace min mata? Me kike ba shi yake wannan jiniya?"

"Nono."

"Sai me?"

"Sai nono."

"Innalillahi! Watansa nawa?"

"Shida ya wuce. Ko bakwai ne ya kama? Kaka, ni kaina ya ɗaure. Malamar asibiti ta ce in ya cika wata shida in fara masa kunu mai kauri. Ya Gumsu maƙwabciyata ta ce na makara, ita tun wata uku take ɗura wa nata. Surukata ta ce sai haƙori huɗu sun fito. Wata ta ce in lasa masa zuma, malamar asibiti ta ce kul, sai ya shekara. Na tambayi babansa, ya ce duk yadda na gani, ya ja kekensa ya fice."

"Duk cikinsu babu mai ilimi. Ni nan da kike gani, ranar sunana na ci naman sunana."

"Kai Kaka, ji tsoron Allah!"

"Ƙafar baya guda. Wanzami ya miƙo hannu na cije shi."

"Shi ya sa haƙoran suka ƙare tun ana zaman lafiya. Buɗe in gani. Biyu! Nura ma biyu gare shi, kuma nasa sababbi ne."

"Nawa sun ga duniya. Nasa me suka taɓa gani?"

"To tsakani da Allah, wata nawa ake farawa?"

"Wata na sama ko na Bature?"

"Akwai bambanci ne?"

"Sosai. Sannan namiji daban, mace daban. Ɗan damina daban, ɗan rani daban. In ranar Laraba aka haife shi, sai a ƙara kaɗan."

"A ƙara me?"

"Ban sani ba. Haka dai na ji ana ƙarawa."

Rumaisa'u ta dafe kai. Dama a rikice take, ga shi tsoho ya zo ya ƙara dagula mata lissafi. Ta nuna ledar da baki.

"Wannan fa? Tsaraba ce, ko ka fara tsince-tsince a hanya?"

"Garin kunu ne, gero da gyaɗa, na sa an tankaɗe min lukui. Nawa ne. Tashi ki dama min, auren da babu kunu ba zan zauna a cikinsa ba."

"Duk matan Bolori babu mai dama maka sai ni?"

"Duk sun mutu a kaina, gudun rigima nake. Ki yi shi da kauri, kar ki sa yaji, kar ki sa tsami da yawa. Ki bari ya huce."

"Kunun jarirai ke nan kake siffantawa."

"Na ce miki nawa ne. Miƙo min wannan ɗan hayaniyar."

Ta miƙa masa shi, ta hura gawayi tana mita. Da ta waiwayo, sai ta ga ya zaunar da Nura a kan tabarma, ya janye hannunsa. Yaro ya zauna daram, wuya a tsaye, yana bin hular tsohon da ido.

"Kai, zai faɗi!"

"Wannan? Ai ko kujerar mai unguwa aka ba shi zai riƙe. Dubi zama kamar mai karɓar haraji."

Ta kawo kunun a kofi da cokali. Malam Mikail ya kurɓa da ƙara, ya lumshe ido, ya tanɗe baki yadda har na waje zai ji. Nura ya yi tsit. Cokali ya yi sama, idonsa ya bi shi. Cokali ya sauko, bakinsa ya buɗe, miyau na zuba. Kafin a ankara ya kai hannu ya damƙe gefen kofin.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo da rana tsaka! Ya ƙwace mata, yanzu kuma kunu!"

"Kaka, janye kofin!"

"Shi za ki ce wa ya sake ni. Kin tambayi malamar asibiti, kin tambayi Ya Gumsu, kin tambayi mai keke. Mai cikin fa, kin tambaye shi? Ga shi yana ba ki amsa da hannu biyu."

"Ba zan ba shi ba."

"Rowa ce? Dama na san a dangin ubanki kika ɗauko ta."

"Inna ta ce sai ta zo."

Tsohon ya ajiye cokalin. Rumaisa'u ta sunkuyar da kai.

"In na ba shi, gani nake kamar na haƙura da ita ne. Kamar na ce ba za ta zo ba."

Ya cire hula, ya juya ta a hannu, ya mayar. Talatu 'yarsa ce fa, ita kaɗai ta rage masa, shi ma ba barcin kirki yake ba. Ya gyara murya.

"Wa ya haifi Talatun?"

"Kai."

"To tun yaushe umarninta ya hau kan nawa? Yarinyar da na goya a bayan keke? Ita da kanta wata biyu ta cinye kan tarwaɗa."

"Ɗazu na ji kana shirin cewa ranar sunanta."

"Ranar sunanta azumi take. Ke dai saurara. Ta ce kar ki ba shi, ko? To ba ke za ki ba shi ba, ni ne. Ke ki juya baya, ba ki gani ba, ba ki ji ba. Tsoho ne ya shigo ya fi ƙarfinki."

"Kai ɗin? Da tsintsiya zan iya kayar da kai."

"Haka dai za ki faɗa mata. Kin san halin uwarki, ba a taɓa shiga gabanta ta ƙyale ba. In ta ji na riga ta, ko hanya a rufe take, da ƙafa za ta tako ta zazzage min. Ni kuma ina nan zaune ina jiran faɗan. Wallahi babu abin da nake so in ji a duniya kamarsa."

Rumaisa'u ta dube shi, ta dubi Nura da ya kusa tsoma fuska a kofi. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta, ta rasa wanne za ta fara tsayarwa.

"Na sallama, angona. Amma kaɗan, a bakin cokali. Kuma ba da wannan cokalin da ka lashe ba."

Ta ɗauko ƙarami ta wanke, ta miƙa masa. Ba ta juya bayan ba. Ta durƙusa ta tallafe Nura, tsohon ya yi bisimilla, ya sa masa kunun a baki. Yaro ya yamutsa fuska, ya turo rabi waje, ya tsaya kamar mai nazari, sannan ya wangame baki.

"Ka gani? Ya ce a ƙaro."

"Na gani. Ɗauki ledar gaba ɗaya, na bar masa." Malam Mikail ya sake ɗebowa, ya hura. "Ci, ɗan nema, ci ka yi nauyi. Kakarka in ta zo, so nake ta kasa ɗaga ka."